Ƙarin wa'adi ga kamfanonin wuta: wa ke shaƙar hayaƙin kafin ranar ta zo?

Tsakanin ƙarshen Maris da tsakiyar Yulin 2025, manyan ƙasashe uku da ba su haɗa iyaka ba, ba su kuma haɗa salon mulki ba, sun yanke hukunci kusan iri ɗaya. Ranar 31 ga Maris, ministan muhalli na Afirka ta Kudu na lokacin, Dion George, ya ɗaga wa tashoshi takwas na kamfanin lantarkin ƙasar, Eskom, ƙafa a kan dokar rage hayaƙi. Ranar 8 ga Afrilu, shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a takardar da ta ƙara wa tashoshin gawayin ƙasa kusan 70 shekara biyu kafin su bi sabuwar ƙa'idar rage guba a iska. A watan Yuli kuma gwamnatin Indiya ta sauke wa mafi yawan tashoshinta nauyin da ita da kanta ta ɗora musu tun 2015. Ko'ina hujjar ɗaya ce: idan aka matsa wa kamfani, wuta za ta yi tsada, ko ta ɗauke.

Mutumin Maraɗi ba sai an yi masa dogon bayani kan wannan hujja ba. Mun san Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, jariri ya kasa barci, tsoho ya fito tsakar gida yana neman iska. Mun san abin da ɗaukewar wuta ke yi wa mai walda, da tela, da mai injin niƙa, da matar da jarinta duka ƙanƙara ce da lemun zoɓo a firji. Manoman Jiratawa sun san cewa famfunan da ke jawo musu ruwan ban-ruwa da lantarki suke aiki. Ba mu kuma manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarkin ƙasar nan daga can yake zuwa. Da za a tara mutanen Zariya da Sabon Gari da Bagalam a ce su zaɓa tsakanin hayaƙi da duhu, na tabbata hayaƙi zai yi rinjaye, kuma ba zan ga laifin kowa ba.

Abin da ya dame ni shi ne yadda ake kai jama'a wannan lungu, inda zaɓi ya rage biyu kawai. Ba rana ɗaya ake isa can ba. Shekaru ne na ƙarin wa'adi a kan ƙarin wa'adi ke gina shi.

Mu fara da abin da ke fita daga bututun. Gawayin ƙasa yana ɗauke da farar wuta a jikinsa. Idan ya ƙone, sai ta zama hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro, wanda ke tayar da fuka cikin mintuna. Idan ya daɗe a sama kuma sai ya haɗu da wasu sinadarai ya koma ƙura mai laushi ƙwarai, wadda ƙwayarta ta fi silin gashi siranta kusan sau 30. Hanci ba ya iya tare ta. Tana wucewa har ƙuryar huhu, daga nan ta shiga jini, ta haddasa ciwon zuciya, shanyewar jiki da ciwon huhun yara. Akwai kuma zaiba, ruwan ƙarfen nan mai sheƙi da masu haƙar zinariya ke kama zinariya da shi. Ita ma tana cikin gawayin, tana tashi da hayaƙi, ta sauka a ruwa, ta taru a jikin kifi, kuma ɗan tayi a cikin uwa ne ta fi yi wa illa domin ƙwaƙwalwa take taɓawa. Abin da bai tashi sama ba sai ya rage a matsayin toka, tsibi-tsibi, kuma idan aka zuba ta a ramin da ba a daɓe ƙasansa ba, gubarta na tsiyaya zuwa ruwan rijiyoyi.

Duk waɗannan suna da magani, kuma maganin ba sabo ba ne. Mafi tsada a ciki ita ce na'urar wanke hayaƙi. Ana niƙa dutsen farar ƙasa, a dama shi da ruwa, a riƙa fesa wa hayaƙin kafin ya hau bututu, sai ta kama fiye da kashi 90 cikin ɗari na farar wutar. Amma kada kalmar na'ura ta sa mai karatu ya zaci ƙaramin abu ne. Gini ne mai tsawon bene hawa da yawa, yana shan ruwa mai yawa, yana son motoci su riƙa kawo dutse kullum, yana kuma cin wani kaso na wutar da tashar ke samarwa. Kafin a haɗa shi sai an kashe injin, kuma ba a kashe injuna duka lokaci guda. Daga zane zuwa neman kuɗi zuwa gini, shekara uku zuwa biyar ba ƙarya ba ne. Saboda haka duk dokar kirki takan zo da wa'adi, takan kuma bar ƙofa ga wanda ya kama aiki da gaske amma lokaci bai ishe shi ba. A kan wannan babu gardama.

A kasuwar Maraɗi kowa ya san mai cin bashin da ke cewa a yi masa haƙuri zuwa kaka. Mai kaya ba ya ƙi nan take, ba ya kuma yarda ido rufe, sai ya bincika ko mutumin ya yi shuka. Wanda hatsinsa ke tsaye a gona, jiransa hankali ne. Wanda ko sassabe bai yi ba, kakarsa ba za ta zo ba. Sai dai a kasuwa mai kayan ne da bakinsa ke yin haƙurin, shi ne kuma ke ɗaukar asarar idan ta zo. A maganar hayaƙi minista ne ke ɗaga ƙafa daga ofishinsa a babban birni, wanda ke biya kuwa yaron da ke kwana kusa da bututu ne, kuma da wuya a tambaye shi ko uwarsa.

Babu inda wannan ya fito fili kamar Afirka ta Kudu, shi ya sa zan daɗe a kanta. A 2010 ƙasar ta fitar da ƙa'idojin iyakar hayaƙi ga manyan masana'antu, mataki biyu: na farko mai sauƙi zuwa Afrilun 2015, na biyu mai tsauri zuwa Afrilun 2020. Wato an ba Eskom shekara biyar, sannan shekara goma. Kafin wa'adin farko ya cika kamfanin ya nemi a ɗaga masa, kuma a farkon 2015 aka ɗaga. Da na biyu ya matso, ya sake shigar da takarda. A Maris 2020, kwanaki kaɗan kafin ranar, sai gwamnati ta taɓa ita kanta ƙa'idar: iyakar hayaƙin farar wuta da aka sa a miligiram 500 cikin kowace mita kubik ta hayaƙi aka mayar da ita 1,000. Duk da wannan sassauci, yawancin tashoshin ba su kai ba. A ƙarshen 2021 babbar ma'aikaciyar gwamnati da ke kula da ingancin iska ta ƙasa ta ƙi wasu daga cikin buƙatun kamfanin. Eskom ya amsa da cewa idan aka tilasta masa, sai ya rufe kimanin megawat 16,000 nan take, kuma cikakken bin dokar zai ci fiye da biliyan 300 na rand, kuɗin ƙasar. Ya ɗaukaka ƙara, aka dakatar da hukuncin. A 2024 aka bar tsofaffin tashoshi biyar su ci gaba a kan tsohuwar ƙa'ida har 2030. Sai hukuncin Maris 2025: tashoshi shida, ciki har da Medupi da Kendal da Lethabo, sun samu har Afrilun 2030, Duvha da Matla kuma har 2034, shekarar da aka tsara rufe su. Ma'ana waɗannan biyun za su tsufa su mutu ba su taɓa bin dokar 2010 yadda aka rubuta ta ba.

Labarin Medupi ne ya fi tsaya mini a rai, domin ba tsohuwar tasha ba ce da aka gada. A Afrilun 2010 Bankin Duniya ya ba Eskom rancen dala biliyan 3.75, mafi yawansa domin gina ta, tasha mai ƙarfin kusan megawat 4,800 a Lephalale da ke lardin Limpopo. Cikin sharuɗɗan rancen akwai sanya na'urar wanke hayaƙi, amma aka yarda a fara gina tashar ba ita, a saka ta shekara shida bayan kowane inji ya fara aiki. Injin farko ya tashi a 2015, na ƙarshe a 2021. Wa'adin na'urar aka ɗaga shi zuwa 2025, aka sake ɗagawa zuwa 2027. Kamfanin na kafa hujja da tsada da kuma ƙarancin ruwa a yankin, kuma gaskiya ne yankin ba shi da ruwa. Amma ba shi da ruwa tun ranar da aka zaɓi wurin. Da aka ce za a saka daga baya, an riga an san da wannan.

A gefe guda kuma ga abin da jinkirin ya ci. Wani masanin Ingila mai suna Mike Holland ya ƙiyasta a 2017 cewa hayaƙin tashoshin gawayin Eskom na jawo mutuwar mutum fiye da 2,200 kowace shekara. A 2021 cibiyar bincike ta CREA ta bayyana Eskom a matsayin kamfanin lantarkin da ya fi kowanne fitar da hayaƙin farar wuta a duniya, har ya zarce abin da ɓangaren lantarkin Amurka da na Sin ke fitarwa a haɗe. Yankin Highveld, inda yawancin tashoshin suke, gwamnati da kanta ta ayyana shi wurin da iskarsa ke buƙatar kulawa ta musamman tun 2007. Mazauna yankin, ta hannun ƙungiyoyin groundWork da Vukani, sun kai ƙara, kuma a Maris 2022 mai shari'a Colleen Collis ta babbar kotun Pretoria ta yanke cewa iskar da suke shaƙa ta saɓa wa haƙƙin da tsarin mulki ya ba su. Sun ci shari'a, amma bututun bai daina ba.

Dole kuma a faɗi ɗaya gefen da cikakkiyar murya. A 2023 Afirka ta Kudu ta yi fiye da kwana 300 ana ɗauke wuta kashi-kashi. Bashin Eskom ya kai wajen rand biliyan 400, har gwamnati ta ɗauke masa biliyan 254. Ministan da zai rufe kashi ɗaya cikin uku na wutar ƙasa a irin wannan hali, asibitoci zai fara jefawa cikin duhu. Duhu ma yana kisa. Idan wuta ta ɗauke, mai hali ya tayar da injin gurup a bakin ƙofa, hayaƙin gazuwal ya riƙa shiga ɗaki kai tsaye, marar hali ya koma itace da gawayi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya kashe kimanin mutum miliyan 3.2 a 2020. Matanmu da ke tsugune gaban murhu safe da yamma suna cikin wannan lissafi. Don haka a 2025 hujjar Eskom gaskiya ce. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne a 2010 ba gaskiya ba ce, domin a lokacin akwai shekaru goma a gaba da za a iya bin injunan ɗaya bayan ɗaya ba tare da kowa ya kwana a duhu ba.

A nan ne lissafin kamfani yake, kuma ba sai mutum ya ɗauka cewa masu kamfanin mugaye ne kafin ya gane shi ba. Tasha tana da tsawon rai, a ce shekara 50. Idan saura mata 25, kashe kuɗin na'ura na da ma'ana, domin za a raba kuɗin a kan shekaru masu yawa. Idan aka samu jinkirin shekara biyar, saura 20. Aka sake samun biyar, saura 15. Ana kaiwa saura goma, sai kamfanin ya zo da takarda yana cewa bai dace a zuba wannan maƙudan kuɗi a tashar da ta kusa ritaya ba, kuma akanta zai duba ya ce haka ne. Kowane ƙarin wa'adi shi ke haifar da hujjar na gaba. Ga kuma wata ɓarnar: kamfanin da ya bi doka a kan lokaci, ya ci bashi ya saka na'ura, wutarsa ta fi ta maƙwabcinsa tsada. Idan ya ga an yafe wa wanda ya zauna, gobe shi ma zai zauna.

Indiya ta bi wannan hanya har ƙarshenta. Ƙa'idar Disamban 2015 ta ba da shekara biyu. Aka ɗaga zuwa 2022, aka rarraba tashoshi rukuni uku gwargwadon kusancinsu da manyan birane, aka ɗaga a Satumban 2022, aka sake ɗagawa a Disamban 2024. Duk tsawon wannan lokaci injunan da suka saka na'urar ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. A Yulin 2025 aka cire kusan kashi 78 cikin ɗari daga wajibcin gaba ɗaya, bisa hujjar cewa gawayin Indiya ba shi da farar wuta da yawa. Ko hujjar ta tsaya ko ba ta tsaya ba, an san irin gawayin tun kafin 2015.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na maƙwabtanmu. Dokar Najeriya ta 1979 ta ce daga 1 ga Janairun 1984 kamfanonin mai su daina ƙona iskar gas a sarari, sai da izinin minista. Ta wannan ƙofa ta izini kowa ya bi. Aka sa tarar kobo 2 a kan kowace ƙafa kubik dubu ta gas, daga baya ta kai naira 10, kuɗin da biyansa ya fi gina bututu sauƙi nesa ba kusa ba. Aka sa wa'adin 2008, aka sa 2020, yanzu ana maganar 2030. A 2005 babbar kotun tarayya da ke Benin ta yanke, a ƙarar Jonah Gbemre na al'ummar Iwherekan, cewa ƙona gas ya saɓa wa haƙƙin rayuwa. Sai a 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala 2 a kan wannan awo ga manyan kamfanoni. Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin mafi yawan lantarkin Najeriya da gas ake samar da shi, kuma layin da ke kawo wa Maraɗi wuta daga Katsina ya taso. Gas ɗin da ke ci bal-bal a Neja Delta dare da rana, irinsa ne tashoshin ke kukan rashinsa.

Amma kada a ɗauka ko'ina haka abin ke ƙarewa. A Amurka ƙa'idar zaiba ta farko an kammala ta a Disamban 2011, wa'adinta Afrilun 2015, da damar ƙarin shekara ɗaya ga wanda ya nuna yana kan aikin saka na'ura. Tashoshi da yawa sun karɓi wannan shekara ɗaya. Kamfanoni da wasu jihohi sun kai ƙara har Kotun Ƙoli, kuma a 2015 kotun ta ce hukumar muhalli ta EPA ta yi kuskure da ba ta auna tsadar tun farko ba. Sai dai kafin hukuncin ya fito yawancin tashoshin sun riga sun saka na'urorin ko sun rufe, domin sun yarda cewa ranar ba za ta motsa ba. Daga 2010 zuwa 2017 zaibar da tashoshin ke fitarwa ta ragu da kusan kashi 86 cikin ɗari, kuma wuta ba ta ɗauke ba. Na 2025 daban yake. An ƙara tsaurin ƙa'idar a 2024 da wa'adin Yulin 2027, sai hukumar ta buɗe adireshin imel ta ce duk mai son sassauci ya rubuto. Dokar tsabtar iska ta Amurka ta ba shugaban ƙasa ikon ɗaga ƙafa ne idan fasahar babu ita kuma tsaron ƙasa na buƙata, alhali tashoshi da dama sun riga suna aiki a ƙasa da sabuwar iyakar. Aka ƙara musu zuwa Yulin 2029, kuma a Yunin 2025 hukumar ta gabatar da shirin soke ƙarin tsaurin gaba ɗaya.

Akwai wata dabara a dokar tokar gawayi ta Amurka da ya kamata masu rubuta dokokinmu su sani. An sa 11 ga Afrilun 2021 a matsayin ranar daina zuba toka a ramukan da ba a daɓe ba, amma duk wanda ya shigar da cikakkiyar takardar neman ƙari, wa'adinsa ya tsaya har sai an duba ta. Gomman tashoshi suka shigar. Tashar Gavin da ke Ohio ce ta farko da aka ƙi, kuma sai a Nuwamban 2022, wata 19 bayan ranar. Wato neman ƙarin shi kansa ya zama ƙari. Ƙauyen Cheshire da ke gindin wannan tasha kuwa, tun 2002 kamfanin da ke da ita a lokacin ya saye mafi yawan gidajensa a kan dala miliyan 20, mutane suka tashi.

Ko a cikin Eskom akwai misalin ƙarin wa'adi mai ma'ana. Tashar Kusile an gina ta da na'urar wanke hayaƙi tun farko. A Oktoban 2022 wani ɓangare na bututunta ya rufta, injuna uku suka tsaya, kimanin megawat 2,100 suka fita daga layi ana tsakiyar duhu. A 2023 aka ba da izinin kafa bututai na wucin gadi da ke kauce wa na'urar, zuwa ƙarshen Maris 2025. Masu kare muhalli sun yi kuka, kuma suna da dalili, domin mutanen yankin sun shaƙi ɗanyen hayaƙi fiye da shekara. Amma a nan akwai ɓarna sananniya, gyara sananne, da ranar da ake iya gani, kuma a cikin 2025 aka mayar da injunan kan babban bututun. Bambancin Kusile da Medupi ba halin shugabanni ba ne, kamfani ɗaya ne. A Kusile na'urar tana nan a tsaye, an riga an biya kuɗinta, komawa kanta gyara ne kawai. A Medupi alkawari ne a takarda.

To, mu a Nijar ina muka tsaya? Lantarkinmu kaɗan ne ƙwarai: kimanin mutum ɗaya cikin biyar ke da shi. Tasharmu ta gawayin ƙasa ɗaya ce, ta SONICHAR a Anu Araren kusa da Cirozerin, injuna biyu masu ƙarfin megawat 18.8 kowanne, tana aiki tun 1981, tana ba ma'adinan Arlit da garin Agadas wuta. Duka ƙarfinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na Medupi ba. Tashar Guru Banda ta Yamai mai aiki da man fetur mai nauyi an buɗe ta a 2017, ta hasken rana mai megawat 30 ta biyo baya a 2023, Malbaza na da ta rana mai megawat 7 tun 2018, madatsar Kandaji mai megawat 130 kuma har yanzu ba a gama ta ba. Wani zai ce maganar hayaƙin tashoshi ta masu wuta ce, mu tukuna. Ni akasin haka nake gani. Tun bayan Agustan 2023 babu wanda ke musun cewa dole mu samar da wutarmu, kuma gawayin Salkadamna da ke arewa maso yammacin Tawa, wanda aka aza harsashin aikinsa a 2014, ya dawo bakin mahukunta. Maraɗi da Tawa da Damagaram layi ɗaya suke a tsarin NIGELEC. Idan tashar ta tashi, mu ne za mu sha wutarta, mutanen karkarar Tawa kuma su shaƙi abin da ta fitar. Ina son wutar nan kamar yadda kowa ke son ta. Shi ya sa nake ganin yanzu ne lokacin gardamar, tun ba a zuba kankare ba. Ranar da asibitin Maraɗi da famfunan Jiratawa suka dogara da ita, duk wanda ya ce a kashe inji don saka na'ura zai zama maƙiyin jama'a, kuma mu da kanmu za mu ce masa ya yi shiru.

Dokoki muna da su. Akwai dokar muhalli mai lamba 98-56 ta 29 ga Disamban 1998, akwai mai lamba 2018-28 ta 14 ga Mayun 2018 da ta tsara binciken tasirin manyan ayyuka a kan muhalli, da hukumar BNEE mai duba wannan bincike, ga kuma ARSE mai sa ido kan harkar makamashi. Amma muna kuma da darasin leda. Dokar 5 ga Nuwamban 2014 ta hana yi da shigowa da sayar da baƙar ledar nan marar kauri. Duk wanda ya bi bakin Gulbi ko ya duba magudanun ruwa bayan ruwan farko na damina, ko ya tambayi mahauci abin da yake samu a tumbin akuya, ya san inda wannan doka ta kwana. A nan ma ba a sake sa wata rana ba, an dai bar ta ta yi sanyi. Ga kuma abin da ya haɗa mu da Afirka ta Kudu: gwamnati ce ke da kaso mafi tsoka a kamfanonin wutarmu. Idan kamfani ya nemi a ɗaga masa ƙafa, mai shi da alƙalinsa a majalisar ministoci ɗaya suke zaune, kuma kuɗin na'urar daga baitulmali ɗaya zai fito da na albashin malamai. A irin wannan zama ministan muhalli shi ne mai ƙaramar murya, komai kyawun niyyarsa.

Saboda haka abin da ke kare jama'a shi ne abin da aka rubuta tun farko kuma kowa ke iya gani. Kuɗin na'urar tace hayaƙi da na daɓe ramin toka su shiga cikin kuɗin ginin tashar, a yarjejeniya ɗaya, ba kashi na biyu da za a nema wa rance daga baya ba. Maganar ruwa a warware ta kafin a zaɓi irin na'urar, domin arewacin Tawa ba wurin da ake wasa da ruwa ba ne, kuma akwai nau'in na'urar da ke shan ruwa kaɗan ko da yake ba ta kai mai fesa ruwa kama hayaƙi ba. Idan wata rana dole ta sa a ƙara wa'adi, to ya zo da matakai masu kwanan wata: ranar sa hannu da ɗan kwangila, ranar isowar kaya, ranar kashe inji na farko, kuma wanda ya tsallake mataki ƙarin ya faɗi da kansa. Tara ta fi ribar jinkiri, in ba haka ba kamfani zai ɗauke ta kuɗin haya ne, kamar naira 10 ta gas. Hukuncin Dion George, duk da sukar da ya sha, ya zo da sharuɗɗa biyu da suka cancanci a kwaikwaya: a riƙa bayyana alƙaluman hayaƙin kowace tasha a fili, a kuma kai aikin duba lafiya ga mazauna kusa da ita a kan kuɗin kamfani.

Dokar 2018 ta tanadi a ji ta bakin jama'a kafin a amince da babban aiki. Rahoton irin wannan bincike yakan zo da Faransanci, shafuka ɗaruruwa, kuma makiyayi ko manomin da rijiyarsa ke kusa da inda za a zuba toka ba zai karanta shi ba. Gidajen rediyonmu na Maraɗi da Tawa za su iya karanta muhimman shafukan da Hausa da Tamashek kafin ranar taro, malamai da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo kuma za su iya auna ruwan rijiyoyin yankin da iskarsa tun yanzu, su ajiye alƙaluman. Idan babu awon da aka yi kafin inji ya tashi, shekara goma nan gaba ba wanda zai iya nuna wa kotu ko minista cewa ruwan ya canza.